Bin Sawun Golan Gwalkwas a Arewacin Ingila

Abokina, na san hotunan Old Trafford da Emirates kake jira, kuma na san za ka ce na yi asarar kuɗin jirgi idan ka ji ban taka ko ɗaya ba. Ka yi haƙuri. Bikin kammala karatun ɗan ƙanwata ne ya kai ni Ingila, kuma tun a filin jirgin Heathrow, muna jan akwati, yaron ya jefo mini tambayar da ta sauya tsarin hutun nawa. Ya ce, "Kawu, kai da ba a kayar da kai a gardamar ƙwallo, wane ne baƙar fata na farko da ya mayar da ƙwallo sana'a a ƙasar nan?" Na lissafo duk waɗanda na sani, na yi ta ja da baya har na kai kan Teslim Balogun, wanda ya buga wa Peterborough da QPR a shekarun 1950. Ya ce in ƙara ja da baya fiye da shekara 60. Nan ilimina na gidan kallo ya ƙare. Sunan da ya ba ni shi ne Arthur Wharton, mai tsaron raga, kuma maƙwabcinmu ne.

An haife shi ranar 28 ga Oktoba 1865 a Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku ta birnin Akra, a ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wato Gana ta yau. Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin cocin Methodist ne daga tsibirin Grenada na yankin Karebiyan. Mahaifiyarsa, Annie Florence Grant, jinin sarautar Fante ce ta wajen uwa, ubanta kuwa ɗan kasuwa ne daga Sikotland. Gida ne na masu hali da ilimin boko. A 1882 dangi suka tura shi Ingila ya yi karatun aikin mishan, ya dawo ya gaji mahaifinsa. Ka riƙe wannan da kyau. Mun saba jin labarin yaron da ya tashi ba takalmi, ƙwallo ta kai shi Turai ya gina wa uwarsa bene. Na Wharton a juye yake: ɗan gata ne ya sauka daga jirgin ruwa da akwatin littattafai.

Da Landan muka fara, tunda a nan muka sauka. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ajiye mu a tashar Fulham Broadway, muka taka 'yar tafiya zuwa Stamford Bridge. Kai da ni mun san shi a matsayin gidan Chelsea, amma an buɗe filin tun 1877 domin masu tsere, ita kuwa Chelsea sai 1905 aka kafa ta. A nan ne, a watan Yuli 1886, Wharton ya shiga gasar tsere ta ƙasa ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 cif, a zagayen share fage da kuma na ƙarshe. A lokacin an ɗauke shi a matsayin gudun da ba a taɓa tabbatar da wanda ya fi shi ba a duniya, kuma ya sake cin kambun a 1887. Na tsaya ina kallon 'yan yawon buɗe ido daga Koriya da Larabawa suna layin sayen riguna. Ban ga alamar akwai wanda ya zo don tuna wani mai gudu ba, ni ma da jiya-jiya ne da ina cikin layin.

Daga tashar King's Cross muka kama jirgin ƙasa zuwa arewa. Tafiyar kamar awa biyu da rabi ce zuwa Darlington, gonaki kore shar da tumaki masu ƙiba, ba makiyayi ko ɗaya a bayansu. Wani abin da ya ɗaure mini kai shi ne kujera ɗaya ba ta da farashi ɗaya: wanda ya sayi tikiti tun da wuri zai iya biyan rabin abin da na kusa da shi ya biya. Darlington ƙaramin gari ne mai kasuwa da doguwar hasumiyar agogo, kuma mutanensa suna alfahari da cewa a 1825 aka buɗe layin dogo tsakaninsu da Stockton, na farko da jirgi mai tururi ya ja jama'a a kansa. Attajiran da suka gina garin 'yan wata ɗariƙar Kiristoci ne da ake kira Quakers, masu ibada cikin shiru ba tare da liman ba, kuma har yau da sunansu ake yi wa kulob ɗin garin kirari. Wharton ya fara zama a wata makaranta a Cannock, sannan a 1884 ya dawo kwalejin Cleveland da ke nan Darlington. A garin masu shirun nan ne karatun mishan ya fara sulluɓe masa, ya shiga ragar Darlington a 1885.

Mun nemi tsohon filin, Feethams, a gefen wani ɗan rafi. Kulob ɗin ya bar shi a 2003, aka rushe, yanzu gidaje ne a wurin, sai filin kurket da ya rage a maƙwabtaka. A tsaye a wurin ne yaron ya karanta mini dokokin wancan zamani daga wayarsa, na gane ashe abin da ake kira tsaron gida a 1885 wani aiki ne daban. Babu raga a jikin turaku sai 1891, bugun fenareti ma a shekarar aka shigar da shi cikin doka. Gola yana da damar taɓa ƙwallo da hannu ko'ina a rabin filinsu, dokar da ba a sauya ba sai 1912. Mafi muni, an halatta wa 'yan gaba su bangaje shi da kafaɗa, su tura shi cikin gida shi da ƙwallon baki ɗaya, kuma a ƙirga an ci. Saboda haka mai hankali ba ya cafe ƙwallo ya rungume, naushinta yake yi ta koma inda ta fito, ita kuma ta fata ce, idan ta sha ruwa da taɓo nauyinta ya ƙaru. Golan wancan zamani ya fi kusa da ɗan dambe. Wharton ya yi suna wajen wannan naushi, da kuma wasa da hankalin 'yan kallo: yakan tsuguna a gindin turke kamar ba ruwansa, sai an bugo ya zabura. Akwai labarin da wani tsohon ɗan kallo ya rubuta wa jaridar Sheffield shekaru da yawa bayan haka, cewa ya ga Wharton ya yi tsalle ya kama sandar sama, ya cafe ƙwallo da ƙafafunsa, 'yan gaba uku da suka taho bangazarsa suka zube cikin gida. Ko an ƙara gishiri, ya nuna irin yadda aka tuna da shi.

A wata unguwa ta garin akwai gidauniya mai sunansa, wadda wani mutumin Darlington, Shaun Campbell, ya kafa bayan ya shafe shekaru yana fafutukar a karrama shi. A 2020 aka zana babban hotonsa a bangon ginin. Fuska ce doguwa mai gashin baki, da kallon mutumin da ya san darajar kansa. Wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya ta tambaye mu ko danginsa ne mu. Na ce mata maƙwabta ne, tsakaninmu ƙasashe biyu ne kawai, Benin da Togo. Ta ce to mun sha hanya.

Zuwa Preston sai da muka sauya jirgi, muka ratsa tsaunukan da suka raba gabashin arewacin Ingila da yammacinsa, ruwa yana ta tsiyaya ba tsawa ba iska, irin wanda ba ya hana kowa fita. A Preston ne na fahimci inda ƙwallon kuɗi ta samo asali. Garin masaƙu ne. Har yanzu za ka ga jajayen gine-ginen bulo masu hawa huɗu da biyar, wasu an mayar da su gidajen haya ko shaguna, da layukan ƙananan gidajen leburori manne da juna. Da dokokin ƙwadago suka ba ma'aikata hutun rabin yini ranar Asabar, dubban mutane suka samu kansu da 'yan kwabbai a aljihu da yammaci guda ba aiki. Abin da ya sa ke nan har gobe ake take wasa ƙarfe uku na ranar Asabar, wanda ke kama mana uku ko huɗu gwargwadon lokacin shekara. Duk sanda ka rufe shago ka nufi gidan kallo, agogon masaƙar Lancashire kake bi.

A nan kuma akwai zaren da ya haɗa mu da su, na gaske ba na magana ba. Masu waɗannan masaƙu ne suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suka matsa lamba a shimfiɗa dogo zuwa Kano domin audugarmu ta riƙa isowa injunansu. Jirgi ya iso a 1911, manomanmu suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa.

Manajan ɗaya daga cikin masaƙun, William Sudell, shi ne uban tafiyar Preston North End. A lokacin hukumar ƙwallon Ingila tana hannun 'ya'yan manya na kudu, waɗanda ke ganin karɓar kuɗi don wasa zubar da mutunci ne. Sauƙin faɗa ke nan ga wanda ya gaji dukiya. Kulob-kulob na arewa kuwa sun daɗe suna ɗauko 'yan wasa daga Sikotland, inda aka ƙware wajen ba da ƙwallo ƙafa zuwa ƙafa, a ba su aikin suna a masaƙa, a riƙa biyansu a ɓoye. Fergus Suter, magini daga Glasgow da ya koma Darwen a 1878, yana cikin na farkonsu. Ke nan baƙin farko a ƙwallon Ingila 'yan ci-rani ne daga maƙwabta. A Janairu 1884 wani kulob na Landan, Upton Park, ya kai ƙarar Preston. Sudell ya ce in ana dara fidda uwa ake yi: e, yana biya, kuma kowa ma yana biya. Aka kori Preston daga Kofin FA. Kulob-kulob na arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, hukuma ta sauko, a watan Yuli 1885 aka halatta biyan 'yan wasa bisa sharuɗɗa. Wharton ya shigo harkar ne daidai lokacin da ƙurar ba ta gama kwantawa ba.

Filin Preston, Deepdale, yana nan inda yake tun shekarun 1870, sai dai an sabunta shi. A ƙofa akwai mutum-mutumin gwarzonsu Tom Finney yana zamewa cikin ruwa mai feshi, a garin da ruwan sama bai taɓa yi wa ƙaranci ba. Preston ta ɗauki Wharton a 1886, bai kai ga karɓar albashi ba tukuna, yana ma haɗawa da wasannin Darlington. Da shi a raga suka kai wasan dab da na ƙarshe na Kofin FA a 1887, West Bromwich Albion ta doke su 3 da 1. Wasu jaridun arewa sun yi kiran a sa shi cikin tawagar Ingila, ba a sa shi ba. Wasu kuma ba sa rubuta sunansa sai sun maƙala masa laƙabin launin fata, har da masu tambayar ko mutum irinsa yana da kaifin basirar tsaron gida. Sikotland ta riga ta ba Andrew Watson, haifaffen Guyana, kyaftin tun 1881, suka lallasa Ingila 6 da 1 a Landan. Ita Ingila sai 1978 ta sa baƙar fata a babbar tawagarta, Viv Anderson.

Sai ga inda ni a ganina Wharton ya yi babban kuskuren lissafi, ko da yake da sauƙi mutum ya yi wayo bayan fiye da shekara 130. A 1888 ya bar Preston ya tafi neman kuɗi da gudu. A shekarar aka kafa gasar lig da kulob 12, Preston ta buga wasa 22 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta haɗa da Kofin FA ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba. Ka faɗa wa mutanenka na Arsenal cewa abin da suke taƙama da shi na 2004 an riga su da shekara 115. Da Wharton ya zauna, da sunansa yana cikin littafin da kowane yaro a garin ya haddace. Shi kuwa Sudell, a 1895 aka gano kuɗin da yake kashe wa kulob daga asusun masaƙa yake kwasowa. Aka ɗaure shi shekara uku, da ya fito ya ƙaura Afirka ta Kudu.

A Manchester mun ɗan leƙa gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasa, wanda dā a Deepdale yake kafin a dawo da shi nan a 2012. Tun 2003 suka sa Wharton cikin jerin gwarazansu. Na taɓa irin tsohuwar ƙwallon nan mai igiya a baki, na tausaya wa goshin mutanen dā. Jirgin Sheffield ya tsaya a Stockport, inda Wharton ya buga wasanninsa na ƙarshe, ban sauka ba.

Sheffield garin ƙarfe ne da wuƙaƙe, a kan tuddai yake, duk inda ka nufa hawa ne, gwiwoyina sun shaida. Yaron a nan ya yi karatu, saboda haka ya san inda ake samun naman halal da masallacin Juma'a, cike da 'yan Yaman da Somaliya da Pakistan. 'Yan Yaman ɗin ma aikin ƙarfe ne ya kawo iyayensu. Garin yana taƙama da cewa nasa ne kulob mafi tsufa a duniya, Sheffield FC na 1857. Amma abin da ya jawo Wharton nan tseren kuɗi ne. A wancan zamani Sheffield ce cibiyarsa: dubban leburori su biya kuɗin ƙofa, 'yan caca su zuba dukiya, a ba mai rauni tazarar 'yan yadi a gaba domin kada a san mai ci tun kafin a tashi. Masu gudun suna ƙarƙashin iyayen gida da ke ciyar da su, su ne kuma ke yanke ranar da yaronsu zai yi gudu da gaske da ranar da zai ja ƙafa. Wharton ya ci babbar gasar watan Satumba ta 1888 a nan. Daga ranar da ya karɓi kuɗin gudu, ƙofar gasar 'ya'yan manya ta Stamford Bridge ta rufe masa har abada.

Rotherham tana manne da Sheffield, 'yan mintuna ne a jirgi. Filin kulob ɗinsu na yanzu sunansa New York, na zaci wani attajirin Amurka ne ya saya, ashe tsohon sunan unguwar ne. A 1889 Wharton ya sa hannu da Rotherham Town a matsayin ɗan wasa mai albashi, kuma wannan ne ya sa ake kiransa baƙar fata na farko da ya yi sana'ar ƙwallo. A nan ya fi daɗewa. Ya auri 'yar garin, Emma Lister, a 1890, kulob ɗin ya ci gasar yankinsa sau biyu a jere ya shiga rukuni na biyu na lig a 1893, da bazara kuma yana buga kurket a biya shi. Albashin ƙwallo kaɗai ba ya riƙe gida, don haka al'adar lokacin ita ce a damƙa wa shahararren ɗan wasa gidan giya ya riƙa kula da shi, sunansa ya jawo masu sha. An ba Wharton irin wannan a Rotherham, an kuma ba shi a Sheffield. Ɗan liman da aka turo ya koyi wa'azi ya koma bayan kanta yana zuba wa mahaƙa kwal giya, kuma daga baya shi ma ta kama shi.

Na tambayi yaron, "Kai, me ya hana shi komawa gida?" Ya ce, "Kawu, ai ya gwada." A 1893 ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta Gwalkwas, aka ƙi ɗaukarsa. A idon masu ofis, mutumin da ya yi gudu da ƙwallo don kuɗi ya sauko daga sahun mutanen kirki ya shiga na leburori. Wato sunan da ya yi a Ingila shi ya rage masa daraja a ƙasarsu.

Muka koma Bramall Lane, gidan Sheffield United, wanda aka buɗe a 1855 domin kurket. A 1894 suka ɗauki Wharton, yana dab da shekara 29, ga dama ta rukuni na ɗaya ta zo. Sai dai a shekarar suka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 20 daga mahaƙar kwal, William Foulke, ƙato mai tsawo fiye da ƙafa shida wanda ya yi ta ƙara ƙiba har ya zama abin labari. A zamanin da ake bangaje gola, wanda ba ya bangazuwa shi ne zaɓin kowane kulob. Wharton ya zauna jira. Wasan lig ɗaya ya samu, a gidan Sunderland a Fabrairu 1895, aka ci su 2 da nema. Da wannan wasa guda ya shiga tarihin babban rukunin Ingila, wanda ya zama Firimiyar da muke kashe wa dare.

Daga nan tafiyar gangara ce. Stalybridge Rovers, Ashton North End, sake Stalybridge, sai Stockport County, inda ya ajiye takalmi a 1902 yana da shekara 36. Ƙananan kulob ne na garuruwan masaƙu, wasu ba su daɗe ba suka mutu, ita ma Rotherham Town ta rushe tun 1896. Wani matashi mai suna Herbert Chapman shi ma ya buga wa Stalybridge a wancan zamani, shi ne daga baya ya gina Arsenal ta zama Arsenal. Ka kuma san irin kasuwar da 'yan wasa ke ciki. Tun 1893 masu kulob suka kafa tsarin da ke hana ɗan wasa sauya sheƙa ba da izininsu ba ko da kwantiraginsa ya ƙare. A 1901 suka ƙayyade cewa ba wanda za a biya fiye da fam 4 a mako, kuma rufin albashin nan, ana ɗan ɗaga shi lokaci zuwa lokaci, bai tashi ba sai 1961. Babu fansho, babu kuɗin sallama. Ranar da ƙafa ta gaji ka koma inda ka fito, masaƙa ko rami. Foulke ɗin ma bai kai shekara 43 ba ya mutu.

Zango na ƙarshe shi ne Edlington. Jirgi zuwa Doncaster, daga nan bas. Ƙauyen mahaƙa kwal ne da aka gina saboda rami guda, Yorkshire Main, wanda aka rufe a 1985 bayan dogon yajin aikin da ma'aikatan kwal suka yi da gwamnatin Margaret Thatcher. Sun ajiye manyan ƙafafun injin ramin domin tunawa. Shaguna da dama a rufe suke, samari suna zaune a tashar bas da rana tsaka. Ban zaci zan ga irin wannan zaman a Ingila ba, kuma ba sa nuna mana shi a talabijin. A wannan rami Wharton ya shafe kusan shekara 15 na ƙarshen rayuwarsa yana aikin jan taragun kwal, aikin da ake ba yara da tsofaffin da ba su da ƙarfin sara. Yana cikin ma'aikatan lokacin babban yajin 1926, wanda mahaƙa suka yi watanni ba albashi. Ya mutu a Disamba 1930 a wani asibitin marasa galihu da ke Balby, kusa da nan, yana da shekara 65, bayan doguwar jinya da ta haɗa da ciwon daji. Ba shi da ko kwabo.

Duk rubutun da aka yi a kansa yana nanata cewa an binne shi a kabarin da ba alama. Da farko abin bai taɓa ni ba, domin a wurinmu wannan ba abin kunya ba ne. Sarki da almajiri duk tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya, mu da yawan sahun jana'iza muke auna mutum. Sai da na shiga maƙabartar na gane. A can kowa da dutsensa, da suna da shekaru, da furanni sababbi a gindin wasu, ciyawa a aske. A tsakanin irin waɗannan, fili mara dutse yana nufin ba a samu wanda zai biya ba. Shekara 67 ya yi a haka. Wani marubuci, Phil Vasili, shi ya tono labarin, tare da wata daga cikin danginsa da ta adana tsofaffin hotuna, sannan wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Sheffield ta tara kuɗi aka kafa dutse a 1997. A shekarar ce Celestine Babayaro, ɗan Kaduna, ya sa hannu da Chelsea, ya fara gudu a kan filin da Wharton ya yi daƙiƙa 10. Na tsaya a gaban dutsen na ɗan lokaci, yaron yana riƙe mini lema. Addininmu daban, don haka shiru kawai na yi.

Bayan dutsen, karramawa ta yi ta zuwa. An kai ƙaramin mutum-mutuminsa hedikwatar FIFA a Zurich a 2012, kuma a Oktoba 2014 aka kafa babba, mai tsawon ƙafa 16, a St George's Park, sansanin da tawagar Ingila ke atisaye, tawagar da ba ta taɓa kiransa ba. Can ban samu zuwa ba, bikin da ya kawo ni ya matso, kuma uwar yaron ta fara bugo waya tana tambayar ko mun manta da ita. Ban ga laifin mutum-mutumin ba, amma a hukuncina fam ɗaya a mako a 1925 ya fi masa amfani.

Idan Allah ya nufe ka da zuwa, ka je Old Trafford ɗinka ka more, ba zan hana ka ba. Amma ka ware yini guda ka sauka a Doncaster. Bas zuwa Edlington bai kai rabin awa ba, shiga maƙabartar kyauta ne, kuma ka tafi da rigar ruwa.